Rage Ƙiba: Shin A Rama Abin Da Aka Ƙona Wajen Motsa Jiki Da Abinci?

 A wannan makon za mu duba wata tambaya da ke yawan fitowa daga bakin masu ƙoƙarin rage ƙiba, maza da mata. Tambayar ita ce: idan mutum ya motsa jiki, sai agogon hannunsa ko wayarsa ta nuna masa ya ƙona kalori 400, shin yana da damar ƙara abincin kalori 400 a kan abin da ya tsara zai ci a ranar, ko kuwa ya haƙura ya bar shi a matsayin riba?

Ba abin mamaki ba ne a riƙa jin wannan tambaya a yanzu. Duk wanda ya leƙa Babban Filin Wasa na Surulere a Legas ko bakin Tafkin Jabi a Abuja da safiyar Asabar zai ga yadda jama'a suka rungumi motsa jiki. A unguwanninmu irin su Agege da Idi-Araba da Sabo ta Ibadan ma akwai magidanta masu tattaki bayan sallar Asuba, akwai matan aure masu bin darasin motsa jiki ta waya a tsakar ɗaki. Da yawansu likita ne ya ce su rage nauyi saboda hawan jini ko ciwon suga ko ciwon gwiwa. Sai dai bayan wata biyu ko uku ana fama, wasu su hau sikeli su tarar yana nan inda suka bar shi. Daga nan sai gwiwa ta yi sanyi, a watsar da komai. Sau da yawa idan aka bi diddigi, matsalar tana cikin abin da ake ci bayan an share zufa.

Amsar a taƙaice ita ce: ga mafi yawan masu rage ƙiba da ke tattaki ko wani motsa jiki na ƙasa da awa ɗaya, babu buƙatar wannan cin ramuwa, kuma shi ne ke mayar da aikin tufka da warwara. Amma akwai wasu mutane, musamman masu shan wasu magungunan ciwon suga, waɗanda motsa jiki da yunwa zai iya sa a kai su asibiti ranga-ranga. Don haka ya kamata kowa ya san ɓangaren da yake.

Mene ne kalori?

Kalori ma'auni ne na ƙarfin da abinci ke ba jiki, kamar yadda ake auna fetur da lita. Giram ɗaya na sitaci ko suga yana ba da kalori 4. Giram ɗaya na furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama da wake da ƙwai, shi ma 4 ne. Amma giram ɗaya na mai yana ba da 9. Abin da jiki bai yi amfani da shi ba sai ya adana shi a matsayin kitse, kuma kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700.

Kaso mafi tsoka na kalorin da muke ƙonawa a kullum, wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100, yana tafiya ne a ayyukan da ba ma gani: bugun zuciya, numfashi, aikin ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda, da riƙe ɗumin jiki. Narkar da abinci yana cin kusan kashi 10. Ragowar ce ta zirga-zirgar yau da kullum, irin su shara da wanki da hawa bene da zuwa kasuwa, sannan motsa jikin da aka ware wa lokaci ya samu ɗan abin da ya samu. Ke nan rabin awar da aka yi ana tattaki ƙaramin yanki ne a lissafin yini guda.

Nauyi yana raguwa ne idan abin da ke shiga ya gaza abin da ke fita na tsawon lokaci. Masana sukan ba da shawarar a samar da giɓin kalori kimanin 500 a rana, wanda zai sa a riƙa rage kusan rabin kilo a mako. Wannan giɓi shi ne jarin mai rage ƙiba, kuma shi cin ramuwa ke cinyewa.

Lambar da agogo ke nunawa hasashe ce

A shekarar 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford da ke Amurka sun gwada agoguna iri 7 masu ƙirga bugun zuciya da kalori a jikin mutum 60, suna tafiya, suna gudu, suna tuƙa keke. Wajen ƙirga bugun zuciya yawancin agogunan sun yi ƙoƙari. Wajen kalori kuwa ko ɗaya bai ci jarrabawa ba. Wanda ya fi kusa da gaskiya ya yi kuskuren kashi 27 cikin 100, wanda ya fi nisa kuma kashi 93. Kuskuren yakan zo ta sama, yakan zo ta ƙasa, mai agogon kuma ba shi da hanyar gane wanne ne nasa.

Dalili kuwa shi ne agogo ba ya auna kalori kai-tsaye. Yana duba motsin hannu da bugun zuciya da nauyin da aka shigar masa ne, sai ya ƙiyasta. Haka lambar da ke fitowa a allon injin gudu na gidajen motsa jiki take, musamman idan ba a shigar da nauyi da shekaru ba, ko mutum yana dafe da ƙarfen gefe yana tafiya.

Akwai kuma wani abu. Na'urori da yawa suna haɗawa da kalorin da mutum zai ƙona ko da yana kwance a kan gado. Mu ɗauki misalin uwargida mai nauyin kilo 80 da ta yi tattaki da sauri na minti 45. Za ta ƙona kimanin kalori 240. A cikin wannan, wajen 60 jikinta zai ƙona su ko ba ta fita ba. Ainihin ribar fitarta ke nan kimanin 180. Idan agogo ya nuna mata 400, ta kuma ci abincin 400, to ta ci bashin sama da 200 ba ta sani ba, wato kusan rabin giɓin da ta sha wahalar samarwa a ranar.

Masu amfani da manhajar ƙirga abinci a waya su ma su lura. Lokacin buɗe manhajar takan tambayi yawan kai-komon mutum. Wanda ya zaɓi cewa shi mai yawan motsa jiki ne, an riga an saka masa kason motsa jikin a cikin abincin da aka ware masa. Idan ya sake shigar da tattakin safe manhajar ta ƙara masa abinci, an lissafa abu ɗaya sau biyu ke nan.

Jiki ma yana nasa lissafin

Ko da agogo ya faɗi daidai, jikin ɗan Adam ba ya barin a kwashe masa ajiya yana kallo. A shekarar 2012 wani masani mai suna Herman Pontzer da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi a kan al'ummar Hadza da ke arewacin Tanzaniya, mutanen da ke rayuwa da farauta da tono saiwoyi da ɗibar zuma, suna tafiyar kilomitoci a kullum. An yi zaton za su ninka mazauna birane wajen ƙona kalori. Sai aka tarar idan aka yi la'akari da girman jiki, abin da suke ƙonawa a yini bai bambanta sosai da na mutanen Amurka da Turai ba.

A shekarar 2021 kuma wani babban bincike da ya duba bayanan manya 1,754 ya nuna cewa a duk kalori 100 da aka ƙona ta hanyar motsi, jiki yakan tsuke kimanin 28 daga sauran ayyukansa na ciki, sai 72 su rage. A wurin masu yawan kitse, abin da jiki ke tsukewa ya kusa kai rabi. Idan muka koma kan uwargidan nan, 180 ɗinta za ta iya komawa 130 ko ƙasa da haka.

Bayan wannan akwai ramuwar da muke yi da kanmu ba tare da mun ankara ba. Wanda ya yi gudu da safe yakan ji ya biya bashin ranar. Sai ya yini a zaune, ya aiki yaro ya ɗauko masa abin da ke ɗaki na kusa, ya hau Keke NAPEP zuwa inda ya saba takawa da ƙafa. Abin da aka samu da safe sai ya zube da rana.

Ƙonawa da wuya, mayarwa da sauƙi

Bari mu ajiye wannan 180 a gefe mu kwatanta ta da abin da ke jiran mutum a hanyar komawa gida. Robar lemon kwalba mai santilita 50 tana da kimanin kalori 200. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kusan 120. Gyaɗa cikin tafin hannu, kamar giram 30, ta kai 170. Ƙaramar ledar indomi ta haura 300 tun kafin a fasa mata ƙwai. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa wajen 200 ne, ba a maganar miya. Wanda ya tsaya teburin mai shayi aka haɗa masa mai kauri, da biredin Agege da wainar ƙwai biyu, cikin sauƙi ya wuce 600. Ƙosai da masa da fanke da soyayyar awara kuwa mai suke sha, kuma ba a cika tsayawa a guda biyu ba. Zoɓo da kunun aya ma, duk da amfaninsu, na sayarwa yawanci cike suke da suga.

Ma'ana, aikin minti 45 ana iya shafe shi a minti 2. Idan da tattaki kaɗai uwargidan nan za ta dogara, sai ta fita sau 40 da 'yan kai kafin kilo ɗaya na kitse ya tafi. Shi ya sa masana ke cewa babban aikin rage nauyi a kwano yake, motsa jiki mataimaki ne.

A gidajenmu akwai ƙarin jarrabawa, wato ƙauna. Maigida ya dawo jiƙe da zufa, uwargida ta ga ya sha wahala sai ta ƙara masa malmala. Ita ma idan ta fara faɗawa, dangi su fara tambaya ko lafiya, ko maigidan ne ba ya cefane. Yana da kyau iyali su zauna su fahimci cewa umarnin likita ake bi, domin rage ƙiba a gidan da ake ci daga tukunya ɗaya sai da haɗin kan kowa.

Masu ciwon suga: a nan dokar ta canza

Wannan ne ɓangaren da nake so masu karatu su fi riƙewa. Motsa jiki yana sa tsoka ta zuƙe suga daga cikin jini. Ga mai lafiya wannan ba matsala ba ce, domin jiki zai rage insulin ɗin da yake fitarwa, hanta kuma ta saki sugan da ta adana. Amma wanda ya yi allurar insulin, ko ya sha ƙwayoyin da ke tilasta wa jiki fitar da insulin, irin su Daonil da Diamicron da Amaryl da sauran 'yan gidansu, maganin zai ci gaba da aikinsa ko an ci abinci ko ba a ci ba. Idan aka haɗa magani da motsa jiki da rage abinci a lokaci guda, suga zai iya faɗuwa ƙasa warwas.

Ana cewa suga ya faɗi idan na'urar gwaji ta nuna ƙasa da 70, ko ƙasa da 3.9 a na'urorin da ke amfani da ɗaya ma'aunin. Alamominsa sun haɗa da karkarwa, zufa mai sanyi, bugun zuciya da sauri, matsananciyar yunwa, jiri, gani dishi-dishi, saurin fushi da ruɗewa. Idan ya tsananta yakan kai ga jijjiga da suma, har da rasa rai. Ba dole ne ya faru a lokacin da ake motsa jikin ba, yakan zo bayan sa'o'i, har cikin dare mutum yana barci.

Don haka mai amfani da waɗannan magunguna ya gwada sugansa kafin ya fita. Idan ya ga ƙasa da 90, wato 5.0 a ɗaya ma'aunin, ya ci wani abu mai sitaci tukuna, kamar ayaba ɗaya ko yankan biredi. Kada ya fita sai da ƙwayar suga ko alewa a aljihu. Idan alamomin suka taso, ya tsaya nan take ya sha kimanin giram 15 na suga: ƙwayar suga 3, ko babban cokali na zuma, ko rabin kofi na lemon kwalba mai suga. Bayan minti 15 ya sake gwadawa, idan bai hau ba ya maimaita, idan ya hau ya bi da abinci. Wanda ya suma kuwa kada a ɗura masa komai a baki don kada ya shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti. Faɗuwar sugan da irin su Daonil ke jawowa takan daɗe, takan kuma dawo bayan an ga kamar ta wuce, saboda haka ko mutum ya farfaɗo a gida ya kamata likita ya gan shi.

A irin wannan hali ba a maganar lissafin kalori, rai ake ceto. Idan kuma faɗuwar sugan tana yawan faruwa, mafita ita ce a koma wa likita ya duba ko maganin ya yi yawa, domin wanda ya rage nauyi ya kuma fara motsa jiki sau da yawa buƙatarsa ta magani takan ragu. Kada mutum ya rage wa kansa, kada kuma ya zauna yana ta cin zaƙi kullum don ya biya wa magani buƙata. Masu shan Glucophage kaɗai, wato metfomin, da wuya suga ya faɗi musu haka, don haka ba su buƙatar ƙarin abinci saboda tattaki.

Masu shan maganin hawan jini ko na zuciya irin su Tenormin da Inderal su ma su sani cewa waɗannan magunguna suna rage saurin bugun zuciya. Wannan yana ƙara rikita lissafin agogo, sannan ga mai ciwon suga yana iya ɓoye bugun zuciya da karkarwar da ke gargaɗin cewa suga ya faɗi. Zufa ce alamar da ba ta cika ɓoyuwa ba, sai a kula da ita.

Sauran waɗanda ke buƙatar ƙari

Na farko su ne masu motsa jiki mai tsanani na sama da awa ɗaya, kamar 'yan ƙwallo da masu atisayen gudun yada ƙanin wani. Mai gudu yana ƙona kusan kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Mutum mai kilo 70 da ya kammala gudun kilomita 42 na birnin Legas, wanda ake yi tun shekarar 2016, ya ƙona wajen 2,900, fiye da abincin yini guda. Irin wannan dole ya ci, har a kwanakin atisaye.

Na biyu su ne masu aikin ƙarfi, irin 'yan dako a kasuwar Mil 12 da masu tura ruwa da leburorin gini. Aikinsu ya wuce duk wani tattaki, kuma idan ɗayansu yana son rage tumbi, lemon kwalba da shayi mai suga zai rage, ba tuwo ba.

Na uku, mai juna biyu da mai shayarwa. Lokacin goyon ciki ba lokacin rage ƙiba ba ne, ko da yake tattaki yana da amfani idan likita bai hana ba. Mai shayarwa kuwa tana buƙatar ƙarin kalori tsakanin 300 zuwa 500 a rana, don haka ta bi a hankali.

Na huɗu, yara da matasa masu tasowa. Kada a ɗora musu ƙirgar kalori. A gyara abincin gidan gaba ɗaya, a rage kayan zaƙi, a bar su su yi wasa. Iyaye su sa ido idan budurwa ta fara tsallake abinci tana motsa jiki fiye da kima, ko tana jin laifi duk lokacin da ta ci abu. Wannan alama ce da ke buƙatar ganin likita.

Idan yunwa ta taso fa?

Yunwa bayan motsa jiki gaskiya ce, kuma mutane sun bambanta a kanta. Wani motsa jiki kan kashe masa sha'awar abinci na ɗan lokaci, wani kuma sai cikinsa ya buɗe. Dabara mafi sauƙi ita ce a jera motsa jiki daf da lokacin cin abinci. Wanda ya yi tattaki bayan Asuba ya dawo ya karya da abin da dama zai karya da shi. Wanda ya yi da yamma abincin dare yana jiransa. Ta haka ba a ƙirƙiro wani cin na huɗu ba. Masu azumin Litinin da Alhamis ko na Ramadan za su iya yin tattaki marar tsanani daf da Magariba ko bayan an sha ruwa, sai dai a kula kada buɗa-baki ya zama ramuwar gayya. Mai ciwon suga kuwa ya tuntuɓi likitansa tun kafin ya ɗauki azumi.

A fara da ruwa, domin sau da yawa ƙishirwa ce ke zuwa da kamar yunwa. Idan bayan minti 20 yunwar tana nan, a ci abu mai riƙe ciki marar yawan kalori: dafaffen ƙwai, wanda bai wuce kalori 80 ba, ko kindirmo marar suga, ko alala, ko gwanda da kankana da gurji. A babban abinci kuma a ba ganye da kayan lambu rabin faranti, a tabbatar akwai wake ko kifi ko nama ko ƙwai, domin furotin yana daɗewa a ciki, yana kuma kare tsoka daga zubewa. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da izinin likita.

Idan yunwar ta wuce misali, a duba magungunan da ake sha. Firednisolon da deksametason suna buɗe ciki, suna tara ruwa, suna kuma ɗaga suga. Periactin da ire-irensa, waɗanda wasu ke sha don su yi ƙiba, aikinsu ke nan. Wasu magungunan damuwa da na taɓin hankali, da allurar tazarar haihuwa ta wata uku a wurin wasu mata, su ma sukan ƙara nauyi. Kada a daina ko ɗaya kai-tsaye, musamman firednisolon da ke da haɗari idan aka yanke shi lokaci guda bayan an daɗe ana sha. A kai takardar magani wurin likita ko masanin haɗa magunguna a tattauna. Ƙarancin barci ma yana ƙara yunwa, abin da mazauna Legas masu fita tun duhun Asuba saboda cunkoson motoci suka sani sarai.

Sikeli da tef su ne alƙalai

Wanda ya yi motsa jiki mai tsanani na sama da awa ɗaya kuma yana son ya ƙara abinci, kada ya wuce rabin abin da na'ura ta nuna. Daga nan sai ya bar jikinsa ya ba shi amsa. A hau sikeli sau biyu ko uku a mako, da safe bayan an zaga, kafin a ci komai. A auna ƙugu da tef ɗin tela daidai cibiya sau ɗaya a mako. Kada a yanke hukunci da awon rana ɗaya, domin gishiri da ruwa da zuwan al'ada suna iya motsa sikeli da kilo ɗaya ko biyu. A duba tafiyar mako uku zuwa huɗu.

Idan ana rage rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako kuma jiki da ƙarfi, a ci gaba a haka. Idan babu abin da ya motsa, a fara da cire abin da ake ci da sunan ramuwa. Idan kuwa nauyi yana zuba fiye da kilo ɗaya a mako a kai a kai, ga jiri, ga kasala, ga rashin barci, gashi yana kakkaryewa, ko al'ada ta ɗauke, to giɓin ya yi yawa, a ƙara abinci a kuma ga likita.

Zufa ba kitse ba ce. Masu ɗaura leda a ciki ko sa rigar roba don su yi zufa ruwa kawai suke zubarwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce a sikeli, kuma da an sha ruwa za ta dawo. Haka masu shan Lasix ko shayin rage tumbi mai sa gudawa. Abin da suke rasawa ruwa ne da gishirin jiki, wanda hakan kan taɓa ƙoda da bugun zuciya. Akwai wani maganin rage ƙiba mai suna sibutiramin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a shekarar 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma an sha gano shi a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da ake tallatawa da sunan na ganye ne zalla. Duk abin da ba shi da lambar hukumar NAFDAC a nisance shi, mai lambar ma a yi tambaya kafin a sha.

To, mene ne amfanin wahalar?

Kada wannan bayani ya sa wani ya rataye takalminsa. Motsa jiki yana sauke hawan jini, yana sa jiki ya fi jin insulin, yana ƙarfafa zuciya da ƙashi, yana gyara barci, yana rage damuwa, ko sikeli ya motsa ko bai motsa ba. Yana kare tsoka a lokacin da ake rage abinci, kuma yana daga cikin abubuwan da ke hana ƙiba dawowa bayan ta tafi. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na shekarar 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu.

Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 2002, wanda ya ƙunshi mutum sama da 3,000 da ke gab da kamuwa da ciwon suga, ya nuna cewa waɗanda aka ɗora a kan tsarin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 80, kashi 7 bai kai kilo 6 ba. Abu ne mai yiwuwa cikin 'yan watanni idan ba a riƙa mayar da abin da aka fitar ba.

Saboda haka mai tattakin safe ya sha ruwa, ya ci abincinsa na kullum, ya bar lambar agogo a matsayin abin ƙarfafa gwiwa kawai. Mai allurar insulin ko ƙwayoyin da muka ambata ya gwada sugansa, ya riƙe ƙwayar suga a aljihu, ya kuma sanar da iyalinsa alamomin faɗuwar suga da abin da za su yi. Sannu ba ta hana zuwa.